Idan asma ta tashi wa ɗalibi a aji, me ke hana malami motsi?

A shekarar 2014 ƙungiyar manyan likitocin Birtaniya, Royal College of Physicians, ta fitar da rahoto kan mutum 195 da cutar asma ta yi ajalinsu. Masu binciken sun bi takardun kowane mamaci ɗaya bayan ɗaya suna neman inda aka yi sake. Kashi 45 cikin 100 na waɗannan mutane sun cika ne ba tare da an nemo taimakon likita ba, ko kuma kafin taimakon ya iso. Fiye da rabinsu ma ba a cikin masu asma mai tsanani aka lissafa su ba, ana duba su ne a matsayin masu matsakaiciya ko mai sauƙi. Wannan fa a ƙasar da ke da motocin asibiti da lambar kiran gaggawa da magani a wadace.

Ma'ana, sau da yawa ana yin ta ta ƙare ne tun kafin a isa ƙofar asibiti, a hannun duk wanda ya kasance kusa da mara lafiya a lokacin. Yaro ɗan makaranta kuwa, daga safe zuwa rana, kwana biyar a mako, wanda ke kusa da shi malami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A cikin cututtukan da ke zama a jiki tsawon lokaci, ita ce ta fi yawa a tsakanin yara. Makaranta mai ɗalibai ɗari biyu ko uku da za ta ce ba ta da mai asma, to ba ta bincika ba ne.

Saboda haka babu mai jayayya cewa ya kamata a horar da malamai. Inda nake ganin ana samun tangarɗa shi ne abin da ake nufi da horon. Galibi a tara malamai ne a ɗaki na rana guda, a nuna musu zanen huhu, a karanto musu alamomi, a raba takardar shaida, kowa ya watse. Malami ya fito ya san abin da ake kira asma, amma ranar da yaro zai dafe ƙirji a gabansa, wannan sanin ba zai hana a ɓata mintuna ashirin ba. Jinkiri ne ke kisa, kuma ta ƙofa uku yake shigowa: malami bai gane abin da yake gani ba, ko ya gane amma magani na nesa, ko magani na kusa amma yana tsoron taɓa shi. Lacca tana toshe ta farko ne kawai, ita ma ba duka ba.

Sai an san abin da ke faruwa a ƙirjin yaron kafin a fahimci dalilin da ya sa mintuna ke da tsada haka. Iskar da muke shaƙa tana bin bututu ne da ke rarrabuwa yana ƙanƙancewa har cikin huhu, kuma kowane reshe akwai siririn nama da ya naɗe shi. Mai asma, cikin waɗannan hanyoyi a kumbure yake ko da ranar da yake lafiya lau, shi ya sa abu kaɗan ke tunzura su: mura, ƙura, hayaƙi, iska mai sanyi, ƙurar furanni, gashin dabba, warin fenti ko turare mai ƙarfi, gudu. Idan aka tunzura su sai naman da ya naɗe su ya matse, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Abu uku ke nan suka haɗu kan ƙuntata hanya ɗaya. A lissafin masana, idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar iska ta cikinsa na iya ninkawa har sau 16. Hanyoyin iskar yaro kuwa dama ƙanana ne. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, fitar da iskar ya fi shigar da ita wuya. Tsohuwar iska na maƙalewa a ciki, sabuwa ta rasa wurin shiga, yaron ya riƙa aiki da duk naman ƙirjinsa da na wuyansa don numfashi ɗaya. Wannan aiki na gajiyarwa, kuma idan ya gaji ba shi da wani hutu.

A nan ne alamomin ke yaudarar wanda aka koya wa abu ɗaya tak, wato ya saurari kukan ƙirji mai kama da fito. Gaskiya ne ana jin wannan kuka sau da yawa, amma wani yaron tari ne kawai zai sarƙe shi, wani ya yi tsit a kujerarsa alhali an san shi da surutu, ƙaramin yaro kuma ya ce cikinsa ke ciwo don bai san yadda zai kwatanta matsewar ƙirji ba. Mafi haɗari shi ne lokacin da kukan ya ɗauke bayan an ji shi. Wanda bai sani ba sai ya yi hamdala, ya ce sauƙi ya samu, alhali iskar da ke wucewa ce ta yi ƙarancin da ba za ta iya yin ƙara ba. Ma'aunin da ya fi sauƙi ga wanda ba likita ba shi ne magana. A tambayi yaron wani abu. Idan ba zai iya ƙarasa jimla ɗaya ba sai ya tsaya ya ja numfashi, abin ya yi nisa. A dubi ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa, ko suna lotsawa ciki duk sanda ya ja iska. Littattafai da yawa na cewa leɓe zai koma shuɗi, amma ga mai duhun fata ba lallai a ga haka ba, sai dai a duba cikin leɓe da harshe da ƙasan farce, ko sun yi fari fat ko toka-toka. Yaron da ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa a tsakiyar wannan hali ba barci yake ji ba.

Akwai kuma wata yaudarar da ba ta jiki ba ce, ta zuciyar malami. Wanda ya shekara goma yana jin uzurin ɗalibai, ciwon kai ranar jarrabawa, ciwon ciki lokacin lissafi, dole ya koyi zargi. Wannan zargin da ke taimaka masa wajen riƙe aji shi ne kan sa ya ce wa mai asma ya je ya zauna a waje ya sha iska. A 2007, a garin Stockport na Ingila, an bar wani yaro ɗan shekara 11 zaune a barandar makaranta yana fama da numfashi, ba wanda ya kira motar asibiti, har mahaifiyarsa ta zo ta kai shi da kanta, ya rasu a ranar. Zaman binciken musabbabin mutuwarsa a 2010 ya ce sakaci ya taimaka, ya kuma ambaci rashin horar da ma'aikatan makarantar.

Matakan da ake so malami ya bi ba su da yawa. A zaunar da yaron a miƙe, ya ɗan karkato gaba, kada a kwantar da shi, don kwanciya na ƙara danne numfashi. Kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tura shi ofis da ƙafarsa ya je ya karɓo magani. Magani ne zai zo wurinsa, a aiki wani ɗalibi da gudu. A kori masu taruwa a kansa, a yi masa magana a natse, domin firgici na ƙara saurin numfashi. Sannan a ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, wanda aka fi sani da inhela, sinadarin cikinta kuma salbutamol, da ake sayarwa da sunaye irin su Ventolin. Jagorar da ma'aikatar lafiyar Ingila ta ba makarantu ta ce a fesa sau biyu, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita duk bayan minti biyu har fesar ta kai goma. A Ostareliya tsarin hurhuɗu ake koyarwa: fesa huɗu, kowace da numfashi huɗu, a jira minti huɗu, in babu sauƙi a sake. Lissafin ya bambanta, manufar ɗaya ce, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne makaranta ta zaɓi guda ta tsaya a kai don kada malamai biyu su tsaya musu a kan yaro. Idan sauƙi bai zo ba, ko tun farko yaron ba ya iya magana, ko ya galabaita, to asibiti za a nufa nan take, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. Asibiti ake fara kira, sannan iyaye. Juya wannan jeri ya sha cin lokaci, ana ta neman uban da wayarsa ke kashe.

Ba da maganin kansa sana'a ce ta hannu, kuma a nan ne horon lacca ke nuna gazawarsa ƙarara. Inhelar da ake matsawa tana fitar da magani da gudu, sai mai shaƙa ya daidaita matsawar da jan numfashinsa a daƙiƙa ɗaya. Manya masu lafiya ma da yawa ba sa iyawa, balle yaron da ke haki a firgice. Sai maganin ya ƙare a harshe da maƙogwaro, a fesa sau goma a ce bai yi aiki ba, alhali bai isa huhun ba ne. Maganin wannan matsala wata 'yar kwalbar roba ce mai baki biyu da ake kira sifesa. A sa inhela a baki ɗaya, yaro ya kama ɗayan da leɓensa, a fesa sau ɗaya a ciki, maganin ya tsaya a kwalbar yaron ya shaƙe shi da numfashinsa na yau da kullum. A girgiza inhelar, a sake fesa ɗaya. Ba a tara fesa biyar a lokaci guda. Bincike da dama ya nuna cewa ga akasarin yaran da asma ta tashi musu, inhela da sifesa na yin aikin da na'urar turara magani ta asibiti ke yi. Inda kuma ba a samun sifesar kamfani, akwai aikin da Farfesa Heather Zar da abokan aikinta suka yi a asibitin yara na Red Cross a birnin Cape Town, wanda mujallar Lancet ta buga a 1999. Sun gwada gorar roba ta lemo mai cin rabin lita, aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, suka tarar ta yi daidai da ta kamfani wajen buɗe ƙirjin yara. Kofin roba da suka gwada tare da ita bai yi abin kirki ba. Wannan irin ilimi ba ya zama sai malami ya riƙe abin a hannunsa ya gwada, ya yi kuskure an gyara masa.

To a ce malami ya gane, ya kuma iya. Ina maganin yake? Makarantu da yawa a duniya suna da doka mai kyakkyawar niyya, cewa duk wani magani a ofis ake ajiye shi a kulle, don kada yara su yi wasa da shi ko su ba juna. Ga maganin da ake sha bayan cin abinci wannan daidai ne. Ga inhela kuwa tarko ne. A watan Oktoban 2012, a lardin Ontariyo na Kanada, asma ta tashi wa wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Ryan Gibbons a filin wasan makaranta. Inhelarsa na kulle a ofis bisa ƙa'ida, waɗanda ya riƙa zuwa da su a aljihu kuma an sha karɓe su. Abokansa suka ɗauke shi suka nufi ofishin, amma bai kai ba. Mahaifiyarsa ta shiga fafutuka har majalisar lardin ta zartar da doka a 2015 da aka sa wa sunansa. Dokar ta tilasta wa makarantu barin ɗalibi ya riƙe inhelarsa da izinin iyaye, ta wajabta horar da ma'aikata a kai a kai, ta kuma ba ma'aikaci kariya daga ƙara idan ya taimaka wa yaro da kyakkyawar niyya.

Amurka ta bi ta wata hanyar. A 2004 majalisarta ta yi dokar da ke fifita jihohin da suka ƙyale ɗalibai riƙe maganinsu wajen rabon wasu kuɗaɗen tallafi, yanzu kuma duka jihohi 50 sun amince da hakan. Ingila ta ƙara taki ɗaya: daga 1 ga Oktoban 2014 an halatta wa makaranta ta sayi inhelar salbutamol ba tare da takardar likita ba, ta ajiye don yaron da ya manta tasa a gida ko tasa ta ƙare. Abin ban takaici a batun kullewar nan shi ne, tun asali don a sa a aljihu aka ƙera inhela. Wata yarinya ce 'yar shekara 13 mai asma ta tambayi mahaifinta, wanda ke shugabantar kamfanin magunguna na Riker a Amurka, me zai hana a sa maganinta a gwangwanin fesawa irin na man gashi. A 1956 abin ya shigo kasuwa.

Ƙofa ta uku ita ce ba a cika faɗa a fili ba. Malami na tsoro. Yana tsoron ya ba da magani ya yi yawa, ko ya ba yaron da ba asma ke damunsa ba, wani abu ya faru a ce shi ya kashe ɗan mutane. Yana tsoron iyaye, yana tsoron shugaban makaranta, yana tsoron rasa aikinsa. Sai zuciyarsa ta ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya tsaya jiran wani na sama da shi. Ba na ganin laifin wannan tsoro, domin a wurare da dama an daɗe ana gargaɗin malamai cewa ko maganin ciwon kai kada su ba ɗalibi. Amma a wannan hali ƙin tashin shi ne muguwar rawar, kuma dole mai horarwa ya zauna a kan wannan batu ya daɗe. Salbutamol tsohon magani ne, tun 1969 yake kasuwa, an san halinsa ciki da waje. Yana sassauta naman da ya matse hanyar iska cikin 'yan mintuna, aikinsa ya kai awa huɗu zuwa shida. Wanda ya shaƙi fesa goma zai iya jin hannunsa na rawa, zuciyarsa na bugawa da sauri, kansa ya ɗan yi ciwo, sannan su wuce. Idan aka ɗora wannan a sikeli ɗaya, aka ɗora yaron da iska ta daina isa ƙwaƙwalwarsa a ɗayan, babu abin tsayawa tunani. Sai dai faɗin hakan da baki bai isa ba. Malami na bukatar ya gani a rubuce, da sa hannun hukumar da ta ɗauke shi aiki, cewa an ba shi izini kuma za a tsaya masa.

Wa za a ba maganin ajiyar makaranta? A nan ƙasashe sun rabu, kuma rabuwar na da darasi. Jagorar Ingila ta taƙaita shi ga yaran da likita ya tabbatar suna da asma ko ya rubuta musu inhela, waɗanda kuma iyayensu suka ba da izini a rubuce, sunayensu na cikin rajista. A Ostareliya kuwa ana koya wa mai taimakon farko cewa idan mutum na fama da numfashi kuma alamu sun yi kama da asma, a ba shi, ko da ba a san shi da ita ba, don da wuya maganin ya cutar da wanda ba ya da cutar. Tsarin Ingila na da ma'ana inda kusan kowane yaro ke da likitan da ke bibiyarsa. Amma dubi abin da wani bincike da jami'ar Queen Mary ta Landan ta jagoranta ya gano, wanda aka buga a 2024. An tantance 'yan makaranta kimanin 27,000 a birane na ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara. Kusan kashi 12 cikin 100 na da alamun asma, kuma a cikinsu kusan kashi 80 cikin 100 ba a taɓa tabbatar musu da ita a asibiti ba. A irin wannan wuri, dokar da ta ce sai mai suna a rajista za a taimaka wa ta bar huɗu cikin biyar a waje ke nan. Ra'ayina shi ne duk inda gano cutar ya yi ƙaranci, tsarin Ostareliya ya fi dacewa, da sharaɗin a kai yaron asibiti bayan haka ko da ya warware. Kwafo dokar wata ƙasa ɗungurungum ba tare da duba wa aka yi wa ita ba ɓata takarda ne.

Akwai hali ɗaya da inhela ba ita ce farko ba, kuma dole a ware shi a horo. Yaron da jikinsa ba ya jituwa da wani abinci ko harbin ƙwaro, idan numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya bayan ya ci abin ko an harbe shi, musamman in leɓe ko fuska sun kumbura, murya ta shaƙe, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, allurar adirenalin yake bukata kafin komai, sannan inhela ta biyo baya. Mai asma da ke da irin wannan matsala ya fi kowa shiga haɗari, kuma saboda an san shi da asma sai hankalin kowa ya tafi can.

Malamai na da ƙorafi kan duk wannan, kuma ƙorafin na da tushe. An ɗauke su ne su koyar, sai ga shi kowace shekara ana ƙara musu kaya, su ne masu gadi, su ne masu sulhu, yanzu kuma a ce su zama ma'aikatan jinya, albashi kuwa na nan inda yake. Wasu na cewa horar da malami dabara ce ta hukumomi don su kauce wa ɗaukar nas a makarantu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma bai kamata a bar horo ya zama hujjar ƙin ɗaukar nas ba. Amma ko a makarantar da ke da nas, ba ta cikin aji lokacin da abin ke farawa, ba ta filin wasa, ba ta cikin motar da ta kwashi ɗalibai zuwa ziyara. Ba a neman malami ya gano cuta ko ya tsara magani. Ana so ne ya riƙe yaron da rai na mintuna goma ko ashirin har a miƙa shi ga masu aikin. Ko an horar da shi ko ba a horar ba, shi ne zai kasance a wurin, kuma shi ne za a yi wa tambayoyi daga baya.

Horon da zai yi amfani gajere ne, na hannu, mai maimaituwa. An daɗe da sanin cewa ƙwarewar taimakon gaggawa, irin ta danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, na fara dusashewa cikin 'yan watanni idan ba a gwadawa, kuma babu dalilin da zai sa ta inhela ta bambanta. Rabin awa a farkon kowane zango, da inhelar gwaji marar magani da sifesa a hannun kowa, wani ya yi kamar shi ne yaron, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka kafin magani ya iso daga inda yake zuwa aji mafi nisa, wannan ya fi taron kwana uku da ake yi sau ɗaya a shekara biyar. Gwajin agogon nan kaɗai kan tona abubuwa da yawa, kamar a tarar makullin akwatin maganin na aljihun mutumin da ya fita. Lokacin horon ma na da muhimmanci. A Kanada da Birtaniya an lura shekara da shekaru cewa kwantar da yara a asibiti saboda asma na yin tashin gwauron zabi a watan Satumba, makonni biyu zuwa uku bayan komawa makaranta, lokacin da yara ke haɗuwa suna yaɗa ƙwayoyin cutar mura, wasu kuma sun yi sakaci da maganin rigakafinsu a hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin a buɗe makaranta ya kamata a yi. Kuma ba malaman aji kaɗai ba: mai gadi, direba, mai kula da ɗakin kwana a makarantar kwana, malamin wucin gadi da ya zo riƙon aji na mako ɗaya bai san kowa ba. Mai kula da ɗakin kwana ya fi kowa bukata, don asma ta fi tsananta cikin dare da goshin asuba.

Malamin wasanni na da nasa babin. Asmar da gudu ke tayarwa kan yi tsanani ne bayan an tsaya, cikin mintuna biyar zuwa goma, wato daidai lokacin da aka sallami yara suna komawa aji ba mai kallonsu. Kuskure biyu ake yi a nan, masu karo da juna. Wani malamin ya tilasta wa yaron da ke haki ya ƙarasa zagaye don kada ya saba da ragwanci. Wani kuma, musamman wanda horo ya tsorata shi, ya hana mai asma wasa gaba ɗaya, ya zaunar da shi a gefe shekara guda. Na biyun ma cutarwa ce. Yaron da asmarsa ke ƙarƙashin kulawa zai iya kowane wasa, ya ɗumama jiki a hankali, ya shaƙi maganinsa kafin farawa idan likita ya ce ya yi haka, inhelarsa kuma na bakin fili. Paula Radcliffe ta Birtaniya, wadda ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki na mata a Landan a 2003, mai asma ce tun tana yarinya.

Wani dalilin sabunta horo shi ne ilimin kansa na sauyawa. Shekara da shekaru ana koyar da cewa shuɗiyar inhela ce ta gaggawa, mai ruwan ƙasa kuma ta rigakafi ce da ake shaƙa kullum, ba ta da amfani idan asma ta riga ta tashi. A 2019 kwamitin masana na duniya da ake kira GINA ya daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol kaɗai, saboda yana buɗe hanya ne bai taɓa kumburin da ke ƙasa ba. Yanzu matasa da dama na ɗauke da inhela guda mai haɗin magani biyu, wadda ita ce ta rigakafi ita ce kuma ta gaggawa, launinta ba shuɗi ba, adadin shaƙarta ma daban. Ko ba wannan ba, launi na bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Shi ya sa kowane ɗalibi mai asma ke bukatar 'yar takarda daga asibiti mai bayyana wace inhela ce tasa, sau nawa, me ke tayar masa, wa za a kira. A rahoton Birtaniya na 2014, kashi 23 cikin 100 kawai na mamatan aka san suna da irin wannan takarda, kashi 39 kuma an rubuta musu inhelar gaggawa fiye da 12 a shekararsu ta ƙarshe. Yawan komawa ga inhelar gaggawa alama ce ta cewa cutar ta kuɓuce, kuma malami na cikin waɗanda za su fara lura. Idan ɗalibi na zaro tasa kusan kullum, ko yana gyangyaɗi a aji don tari ya hana shi barci, saƙo ɗaya zuwa ga iyaye cewa a koma wurin likita na iya hana ranar gaggawar zuwa.

Saura akwatin kansa. Salbutamol na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ana yawan rasa shi a asibitocin gwamnati, balle makarantu, don haka duk shirin horon da bai zo da kasafin sayen inhela da sifesa ba, zai bar malami ne da ilimi hannu rabbana. Inda aka saya kuma, sai an naɗa mutum ɗaya da sunansa, da mataimakinsa, su riƙa dubawa duk wata: ranar lalacewa, ko bakin ya toshe, ko sifesa na nan. Gwangwanin da aka saba gani fesa 200 yake ɗauka, kuma bayan maganin ya ƙare yakan ci gaba da fitar da iska da ƙara kamar da sauransa. Girgizawa a kunne ba ta nuna gaskiya. Wanda ba shi da lambar ƙirga a jikinsa, sai an ajiye takarda kusa da shi ana rubuta kowace fesa, a sauya shi tun kafin lissafin ya cika.